Filin Wasa a Bayan Shaguna

Watanmu biyu a Kankiya aka zo auna filin da ke bayan shagunan da muke zaune. Dukkanmu daga ƙauyukan wajen Kusada muka fito, mun baro gero a gona saboda ɓarayin daji, aka ba mu aron shagunan da ba a ƙarasa gininsu ba. Ni da 'ya'yana uku da surukina muna cikin na ƙarshe.

Masu awon mace ɗaya ce da maza biyu, riƙe da igiya da turaku. Ina wanki na ga suna kafawa, nan take raina ya ba ni an sayar da wurin ne, korarmu za a yi. Matar ta ce wurin wasa za su yi wa yara.

Bayan kwana uku tifa ta juye yashi. Suka binne tsofaffin tayoyi rabi a ƙasa, suka rubuta wa kowace lamba, suka ɗaura lilo a reshen dalbejiya. A bango kuma suka zana baƙaƙen Larabci da na boko. Surukina malamin allo ne, ya je ya bi su ɗaya bayan ɗaya ko an ɓoye wani abu. Ya dawo ya ce rubutun daidai yake, amma shi ma bai gane me suke nema ba.

Na hana ɗiyata zuwa, lokacin shekararta shida. Da matar ta zo da littafi tana tambayar sunayen yara, na faɗa mata na ƙarya.

"Baiwar Allah, wa ya aiko ku?" na tambaye ta.

"Wasu ne suka haɗa hannu, Yaya."

Ta lissafo sunayen da ban taɓa ji ba. Ranar da ta ɗaga waya za ta ɗauki hoton yara kuwa, tashi na yi na tsaya a gabanta har ta mayar da ita jaka.

Ashe yarinyar tana sulalewa in na tafi ɗebo ruwa. Wata rana na dawo na tarar tana tsalle daga taya zuwa taya tana ƙirgawa har ashirin, ƙanenta na biye da ita yana maimaitawa. Ban dake ta ba. Na ɗauko tabarma da hular da nake ɗinki na koma gindin bishiyar, inda idona zai kai ga kowa. Nan na riƙa wuni har muka bar garin, ina jiran abin da zai biyo baya, kuma ban ga komai ba.

Da muka koma gida na kai ta firamare, malamin ya tambayi inda ta koyi baƙaƙe. Na ce a wurin gudun hijira ne. Ya dube ni, ya sa ta a aji biyu.