Sawun Laka na Misis Pickersgill

Kullum kafin mu buɗe ƙofar gidan tarihin garinmu, Misis Glenys Pickersgill ta riga ta aikata laifi. Takan tsoma tsohon takalmi a laka ta buga sawu a wani ɗaki daga taga zuwa murhu, ta barbaɗa tokar taba, ta yaga wasiƙa gida biyu. Ƙarfe goma 'yan firamare su shigo, ta raba musu madubin ƙara girma, su zama masu binciken zamanin Sarauniya Victoria, irin na cikin littattafai. Shekara ashirin da shida ke nan. Ni da ke yagar tikiti a ƙofa, ban taɓa jin ta faɗa wa yaro amsa ba.

"Malama, mai girki ce ɓarauniyar!" in ji wani yaro.

"Don ba ta yi maka murmushi ba? Koma ka auna sawun, sarkin gaggawa."

Yara da yawa da karatu ya gagara a aji, a ɗakin nan suka fara haɗa baƙi, don kawai su san abin da wasiƙar ta ce.

Yanzu za a mai da ɗakin wurin shan shayi. Abin da ya fi ci mini rai, an rasa wanda zai buɗe baki ya gaya mata. Halin mutanenmu ke nan, gara su kashe ka da ladabi. Manaja kullum sai washe baki da "Ya sanyi, Glenys?" Da kanta ta gano. Ta ga alli a bango inda magina suka auna, ta ga ba makarantar da aka ba rana bayan Yuli, ta ga an daina sayo fensir.

"Desmond," ta ce mini, "sun sallame ni. Ko ɗan aji uku zai gane."

Sai na haɗa mata shayi.

Glenys, ke ce kika koya wa yaran garin nan su duba da kyau kafin su ɗora wa mutum laifi. Mun gode miki, kuma wallahi kunya ta ishe mu.

Ran Juma'a za ta yi ajinta na ƙarshe. Ta haɗa kayanta a akwati huɗu, ta rubuta yadda ake kowane wasa, ta ce duk malamin da ke so ya zo ya ɗauka. Don Allah ku zo, ku ɗora daga inda ta tsaya. Ran Litinin motar shara za ta iso ta kwashe akwatunan, kuma har yau ba wanda ya bugo waya.