Abin Dutse Na Gwangwani Ne

Kaka ta yi rabin rayuwarta tana fasa dutse, har bayanta ya ce ya gaji. Da sunkuyo ya gagare ta, sai ta ɗago lambun ya zo wurinta. Ta jera duwatsu a bayan gida har suka wuce gwiwa, ta cika tsakiya da ƙasa da taki, ta shuka latas da alayyafo. Ba ta sa siminti ba, don ruwa ya samu hanyar fita.

To, dodon koɗi ma ya samu wurin ɓuya. Da damina ta kankama, ganye ya koma duk huji. Kaka ba ta yarda da maganin kanti ba. Toka take zagayawa da ita, da dakakken ɓawon ƙwai, kuma kowace safiya sai ta zura yatsu a ramukan duwatsun ta zaƙulo ɓarayin ta jefa a gwangwani. Jikarta, wadda bakinta bai daɗe da buɗewa ba, tana biye da ita tana kwaikwayo.

"Ƙawata, abin dutse na gwangwani ne, ba na baki ba," haka take faɗa mata kullum.

Ɗan Kaka direba ne, mutum mai tausayi amma ba ya shawara. Ya gaji da ganin tsohuwa tana wannan wahala, sai ya sayo guba, 'yan ƙwayoyi shuɗaye kamar alewa. Ya barbaɗa kafin ya fita aiki, bai gaya wa kowa ba. Yayyafi ya tura su cikin ramukan.

Da hantsi Kaka ta fito ta ga ledar gubar a kan katanga. Sannan ta ga yarinyar tsugune jikin duwatsu, yatsunta sun yi shuɗi.

Tsoron da ta ji, ko ranar da dutse ya rufto a wurin aiki ba ta ji irinsa ba. Ta fizgo yarinyar ta buɗe mata baki da ƙarfi tana leƙa ƙarƙashin harshe.

"Kin ci? Don Allah ki faɗa min, kin ci?"

Yarinyar tana kuka ta nuna gwangwani. Ga ƙwayoyin nan a ciki.

"Na gwangwani ne, Kaka."

Duk da haka sai da uwar yarinyar ta ruga da ita asibiti, aka ce lafiyarta lau. Amma hankalin Kaka bai kwanta ba, don ta san yawan ramukan da ta bari.

Da yamma direba ya dawo ya tarar da latas a yashe a ƙasa. Tsohuwa na sunkuye da bayan nan da ba ya sunkuyuwa, tana rushe gininta dutse bayan dutse, tana duba ƙarƙashin kowanne.

"Inna, wallahi tausayinki na ji."

Ba ta ɗago ba. Ta miƙa masa gwangwanin.

"Durƙusa ka tsince. Ƙwaya ɗaya ma ta isa ta halaka yarinyar nan."