Malam Isyaku Ya Bar Mu a Bakin Kogi

Yau Laraba, wajen ƙarfe bakwai na safe, ina tashar Birnin Kudu ina jiran motar Gwaram, babban ɗan Malam Isyaku ya kira ni ya ce Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sai da na sa ya maimaita, don kada in rubuta abin da ban tabbatar ba.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon malamin firamare ne a Sara. Shi ke ja mana wasan labari duk Juma'a bayan la'asar, mu biyar a zaurensa. Kowa zai ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, a zamanin da kuɗin fetur ya fara shigowa, lokacin samartakar Malam. Ni a wasan direban gingimari ne. Ka faɗi abin da za ka yi, a watsa ƙwallayen dabino da aka ƙona wa gefe ɗaya, Malam ya duba kwanciyarsu ya gaya maka ko ka dace. Ba caca ba ce, ko sisi ba a sawa.

Shirinsa ne ke ba ni mamaki. Ranar kasuwar Gwaram yakan zauna cikin tsofaffin direbobi yana tambayar wace hanya ce ta fi cin taya a da. A gona kuma yana noma yana gwada muryoyin mutanen da za mu gamu da su. Ya taɓa ƙarar da mako guda yana shirya mana wata mai fura, mu kuma muka bi wata hanyar, ba mu ganta ba.

Na ce, "Malam, ba ka yi asara ba?"

Ya ce, "Tana nan tana jiranku. Furar ce dai za ta yi tsami."

Ƙarshen labari kuwa ba ya shirya shi. Ya ce wannan namu ne.

Juma'ar da ta wuce, a cikin wasan, motata ta maƙale a bakin kogi, ruwa yana ƙaruwa, gyaɗar mutane a ciki. Aka kira magariba, ya tattara ƙwallayen ya zuba mini a hannu.

"Ɗan digiri, mako mai zuwa kai za ka ja mana. Na gaji."

Na ce ban iya ba, zan ɓata.

"To ka ɓata mana. Kai ko gaisuwa sai ka yi bita?"

Ban san ciwon da ya yi ajalinsa ba, don haka ba zan yi hasashe ba. Ban san mutumin da Malam ya tanadar mana a ƙetaren kogin ba. Ban kuma san ko wasan zai rayu a hannuna ba. Na dai gaya wa sauran huɗun cewa bayan zaman makoki zan gwada. Biyu ne kawai suka ce za su zo.

Allah Ya yafe wa Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa juriya. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.