Motar da Ba Ta San Ɗanyen Ganye Ba

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga unguwar Borokiri a Fatakwal, mu uku: ni, da yayana mai fataucin shanu, da dattijon direbansa. Sabuwar motar lantarki Yaya ya sayo, irin wadda aka ce tana riƙe sitiyari ta taka birki da kanta. Ni son ganin ƙwaƙwaf ne ya sa na liƙe musu. Shi kuwa direban, abincinsa ne a kan layi. Tun a gida Yaya ya faɗa a gabansa, ko kara babu, cewa in motar ta kai mu Onitsha da Enugu ta dawo lafiya, shi zai riƙa tuƙa kansa.

A hanyar Owerri, inda kwalta take sumul kuma farin fenti yake fes, wallahi ta burge ni. Ana danna mata maɓalli ta kama layinta, ta rage gudu a bayan babbar mota, ta ƙara in hanya ta buɗe. Direban ya ɗan ɗaga hannu, na ga sitiyari yana juya kansa. Amma fa akwai ta da mita: ka saki sitiyari ta yi ƙara, fenti ya goge ta yi ƙara ta sakar maka aikinka. Rami kuwa ba ruwanta da shi, faɗawa take yi gaba gaɗi.

A Onitsha, kusa da kasuwar Ochanja, ta rikice sarai. Okada ta nan, keke ta can, 'yan baro suna ratsawa, ita kuma sai kuka take yi. Muna cikin yi mata dariya ta ja wani wawan birki. Ashe wata mata ce ɗauke da daron kifi ta ɓullo daga bayan bas.

"Ka gan ta?" in ji Yaya.

"Ban gan ta ba, Alhaji," in ji direban.

Ya faɗi gaskiya, kuma ya san abin da gaskiyar za ta ja masa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. A Onitsha muka kwana wurin 'yan uwanmu masu albasa, aka jona motar da janareta. Wai ba ta shan fetur, ga janareta yana sha mata.

Washegari, a gangaren shiga Enugu, Yaya ya ce a bar mata tuƙin. Can muka fara wuce rassan itace masu ɗanyen ganye a gefen kwalta, ɗaya bayan ɗaya. Motar ko a jikinta. Direban ya danne birki ya ƙwace sitiyari, Yaya ya buɗe baki zai yi faɗa, sai muka sha kwana. Ga tirelar siminti ta mutu, ta cinye rabin hannunmu.

Haka direbobinmu suke yi: mota ta lalace, a karyo reshe a jera. Direban ya ce busasshen ganye tsohon labari ne, ɗanye kuwa motar da ta lalace tana nan.

"Ai da ta hango tirelar da ta tsaya," in ji Yaya.

"Wataƙila, Alhaji. A gangara, da wannan gudun, ni dai ban so mu gwada ba."

A kasuwar Ogbete ta Enugu na ci okpa mai zafi, wadda da gurjiyarmu ake yin ta, ga ta da araha ga riƙe ciki. Mahauta suka yanyame motar suna tambaya ko da gaske tana tuƙa kanta. Yaya ya wuce ya bar su da direban.

Ta Aba muka biyo, muka iso Fatakwal da la'asar. Abin da na gano shi ne idon motar nan ya fi namu sauri, amma ba ta san abin da mutanen hanya suke faɗa wa juna ba. Taimako ce, kuma wanda ya sakar mata ransa ya yi ganganci.

A ƙofar gida Yaya ya ce wa direban, ba tare da ya kalle shi ba, ya zo da wuri gobe, akwai zuwa mayanka. Na yi masa barka. Bai yi murmushi ba. Ya shafa gilashin motar ya ce, "Bana na tsira, ɗana. Ka taya ni addu'a kada su koya mata ganye kafin yarana su gama makaranta."