Jar Ƙasa a Wandon Makaranta

Ni ba na yarda da shirun mutane. In na shiga wuri ana hira aka yi tsit, to da ni ake. Shekarar da babban ɗana ya shiga sha uku, irin wannan shirun ya yi ta bina a layinmu na Umbadda, a Umdurman ta Sudan. Da farko na ɗauka wani abu ne ya samu mijina, don yana Saudiyya wajen aikin gini, sai a daɗe ba a gan shi ba. Na kira shi, na ji muryarsa garau. Sai na koma kallon cikin gidana.

Wajen wanki na fara gani. Na zazzage wandon makarantar yaron, jar ƙasa ta zubo daga naɗin ƙafar. Ƙasar Umbadda ba ja ba ce, kuma makarantarsu a bayan layinmu take. Na duba tafin hannunsa, duk ya faffashe.

Na ce, "Kai, wannan fa?"

Ya ce, "Ƙwallo muka yi, Yumma."

"Da hannu kuke bugawa?"

Ya sunkuyar da kai, ya fice.

Tsakanin gidana da na maƙwabciyata akwai nafaj, 'yar ƙofar nan da ake hudawa a katanga don mata su riƙa shige da fice ba sai sun bi ta titi ba. Tsohuwa ce, Hajja muke ce mata. Ita ta yi wa yaron nan wankan farko, ita ce kuma ta fara zane shi, ranar da ya jefi akuyar mutane. Ban ji haushi ba, har godiya na yi mata. Haka muka taso: duk babban da ya ga yaro yana ɓarna zai tsawata masa, in ta kama ya ja kunnensa. Amma fa bayan nan ana zuwa a gaya wa uwa.

Na sunkuya ta nafaj na same su ita da wasu mata biyu suna shan jabana, gahawar nan tamu. Ina shiga aka haɗiye magana.

Na ce, "Hajja, ɗanki yana dawo mini da jar ƙasa a wando."

Ta ce, "Yaro ai da ƙasa aka san shi. Zauna ki sha gahawa."

Hajja da ke bin diddigin ko wane ne ya fasa mata kofi, yau ita ce ba ta son tambaya? Nan na sha jinin jikina.

Zuciyata ta tafi kan mutum ɗaya, yayan mijina. Gidansa na bakin layi, kuma yana da wurin ƙona bulo a Aljirif, can bakin kogi. Ya sha yin ƙorafi a gabana cewa leburorinsa sun watse sun tafi haƙar zinariya. Ya kuma taɓa cewa karatun zamani ba kowane kai ne ke ɗauka ba, alhali nasa 'ya'yan suna aji. Na haɗa wannan da wancan, na ce to shi ke nan, an ga uban yaro ba ya nan, an samu lebura a ɓagas.

Washegari da ya sa kayan makaranta ya fita, na yafa tob, mayafinmu na mata, na bi shi daga nesa. Bai nufi makaranta ba. Ya tsaya wajen mai shagon layinmu, mutumin ya miƙo masa burodi da ful, dafaffen waken nan, a leda, da gani ya saba. Liman na zaune a ƙofar masallaci, ya ɗaga masa hannu. A kwana babbar motar yayan mijina na jira, yaron ya haye baya. Ashe duk layin ne, ni kaɗai ce bare!

Na shiga hafila, motar haya, muka tsallake gada, na sake wata a Khartoum. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, kuma ba mai daɗi a ciki.

A Aljirif hayaƙi ne ko'ina, ga bulo an jere har sun fi tsayin mutum. A bayan wani jerin na yi kiciɓis da yayan mijina. Can ƙasa kusa da ruwa na hango ɗana cikin tsohuwar jallabiya, ya ba mu baya, yana juya ɗanyen bulo a rana.

Na ce, "Yaya, amanar da ƙaninka ya bar maka ke nan? Naka suna aji, nawa yana cikin taɓo?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Matso nan baya, kada ya gan ki."

"Ya gan ni mana! Ni na haife shi ko kai?"

"Ke kika haife shi. Kin san silisiyon?"

Na sani. Gam ne na faci, wanda yaran titi ke ɗigawa a tsumma su shaƙa.

Ya ce wani mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, ɗan layinmu ne ya tsinci yaron a bayan kasuwar Umdurman, tsumma a baki, ko gane mutum ba ya yi. Aka bincika, ashe ya jima ba ya shiga aji. Mazan layi suka zauna a tabarmar ƙofar masallaci suka yanke cewa ba za a sake barinsa shi kaɗai ba. Da safe mai shago da liman su ga ya hau mota. Da rana yana nan, inda ba abin shaƙa sai hayaƙi. In ya dawo ni kuma na fita unguwa, Hajja na leƙensa ta nafaj. Malaminsu ya yarda ya koma aji in jikinsa ya saki abin.

Na ce, "To ni kuma kujera ce a gidan? Me ya hana a gaya mini?"

Ya ce, "Shi ya hana. Mun zane shi, ko gezau. Mun kira ubansa ya yi masa faɗa, ko a jikinsa. Da Hajja ta ce bari ta kira ki, sai ya faɗi ya riƙe ƙafarta yana kuka. Ya ce zai yi duk abin da muka ce, in dai ba ki ji ba. Da wannan kaɗai muke riƙe da shi. Ranar da ya san kin sani, ba shi da sauran abin da zai kare."

Ashe har mijina ya sani, ranar da na kira shi yana ce mini komai lafiya. Haushi ya cika ni, na su duka, har da Hajja da gahawarta. Kuma ban wanke yayan mijina tas ba. Har yau ina cewa cikin duk hanyoyin gyara yaro, an zaɓi wadda ta juya masa bulo kyauta. Na faɗa masa haka a fuskarsa. Ya ce in na fi so in ɗauki ɗana yanzu, ga shi can, amma daga yau su sun cire hannu.

Na sake leƙawa. Yaron ya miƙe yana share gumi da gefen hannu. Wuyansa ya rame. Ba abin da nake so irin in ƙwala masa kira, in mare shi, in rungume shi. Na ja tob na rufe fuskata, na bi ta bayan bulo na fita titi.

Da yamma ya shigo cikin kayan makaranta, jaka a kafaɗa, ya wanke fuska fes. Ina tsugune ina yin kisira, wainar dawar nan mai faɗi. Ya gaishe ni, ya tsaya yana kallona a ɗarare. Ban ɗago ba, don idona zai tona ni.

Na ce, "Yaya makaranta?"

Ya ce, "Lafiya lau, Yumma."

Na ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka."