Mai Guga Ta Daɗe a Ɗakin Gilashi

Tun tana budurwa take guga a kamfanin ɗinkin riguna, har sunanta ya ɓace, kowa sai Mai Guga. Tururi ya dafa mata bayan hannu, tsayuwa ta kumbura mata ƙafa. Mace ce mai zafin rai, ba ta gaisuwa sau biyu, abokan aikinta ba sa ƙaunarta, ita ma ko a jikinta. Aikin nan shi ne ci da shanta, ita da mijinta da ciwo ya kwantar.

Sai ga wata malamar jami'a da rikoda, wai tana binciken yadda shugabanni ke tafiyar da ma'aikata. Ta rantse ba za ta rubuta sunan kowa ba. To amma don tsabar rashin tunani, ina ta kafa kujerarta? A ɗakin gilashin da ke kallon teburin Tsawa, shugaban sashensu.

Ma'aikata sun san kan zaman duniya. Kowa ya shiga ya ce lafiya lau, ya fito kafin kujera ta yi ɗumi. Ita kuwa Mai Guga, da aka tambaye ta yaya aiki, tambayar da ba a taɓa yi mata ba, sai bakinta ya ɓalle. Ta faɗi dutsen gugar da ke fesa tururi, da hana su zuwa banɗaki, da ashar ɗin da Tsawa ke ɗura musu. Tana ta zuba har aka tashi cin abinci. Tsawa bai ji ko kalma ɗaya ba, agogonsa kawai ya duba.

Kafin mako ya zagayo aka ce ba ta da sauri kamar da, aka sallame ta. Ba wadda ta raka ta ƙofa, wata ma cewa ta yi ita ta jawo wa kanta.

Ta bi malamar har ofis, ranta a ɓace, ta ce a ba ta abin da aka rubuta ta kai ƙara da shi. Malamar ta yi ta juya biro, ta ce ai kowa ya yaba wa shugabanni, nata ne kaɗai ya saɓa.

"Bakin mutum ɗaya ba ya zama hujja, Iya. Ban saka ba."

"To maganata tana ina?"

"Na goge ta, don in kare ki."

Mai Guga ta dubi bayan hannunta, ta tambayi malamar ta ina ake fita.