Kaka Bawa da Wayar Haƙorana

Duk wanda ya san Kaka Bawa a Ƙaura ya san ba ya yarda da idonsa, sai hancinsa. Tuwo, sabuwar atamfa, har rediyon da Baba ya sayo, sai ya ce, "A miƙo in sansana." Wai aikin reluwe ne ya koya masa, yana jin warin jirgi tun yana Gusau.

Ni kuwa Allah ya yi ni da haƙoran gaba masu riga ni shiga aji. 'Yan ajinmu suna ce mini Zomo, shi ya sa gefen hijabina kullum yana kan bakina. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a Baba ya yarda a kai ni Zariya a sa mini waya. Kaka ya ce shi zai raka "amaryarsa", kada likita ya ƙyasa.

Da aka gama ɗaura wayar, likita ya fara gargaɗi: ban da rake, ban da goriba, ban da cingam. Sai ya ƙara da abin da yake gaya wa kowa, cewa giya tana busar da baki, tana ɓata dasashi, tana jawo wa aikin wayar cikas.

Kaka ya miƙe tsaye. "Mi ka ce? Giya? Jikar limamai ce fa!"

Likita ya ce, "Baba, kowa nake gaya wa."

"A'a, likita. Kai ka leƙa cikin bakin nan, ba ni ba. Mi ka gani?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ni da ko lemun kwalba sai na juya wa mutane baya nake sha! A mota Kaka ya matso ya ce, "Amarya, ce haa." Na ce haa, gaban fasinjoji. Ya sansana, ya ce, "Warin ƙarfe ya ɓata bincike."

Tun daga nan ya zama ɗan hisbar bakina. A bikin 'yar Gwaggo a Zurmi aka miƙo mini zobo, ya karɓe, ya sansana, ya kurɓa, ya sake kurɓa. Kofi ya dawo wayam. "Halal ne," in ji shi. "Kina iya sha."

Sai ranar da Yaya Sani ya ɗauki ruwan kurkure bakin da na taho da shi daga Zariya, ya karanta jikin kwalbar, ya ce akwai sinadarin giya a ciki. Inna ta saki muciya. Lokacin duk gidajen giyar bayan tasha an rufe su, ashe saura guda, a tagar ɗakina! Kaka ya naɗe kwalbar a tsumma, ya riƙe ta nesa da jikinsa kamar mushen ɓera, ya je ya tuttular a bola. Ya dawo mini da asuwaki. Zaren asuwakin ya maƙale a waya, na je makaranta haƙorana sun tsiro gemu. Ranar aka daina ce mini Zomo, aka koma Bunsuru.

Da la'asar Kaka ya zo da mai gyaran rediyo, riƙe da filaya. "A cire. Wayar da sai da giya ake wanke ta ba ta zama bakin jikata."

Baba yana Gusau, Inna ba ta iya musu da surukinta. Na ga haƙorana za su tsaya a rabin hanya. Ban san lokacin da na sauke hijabi daga baki ba.

"Kaka, ba likita ya ce giya tana ɓata aikin wayar ba?"

"Ya ce."

"To duba. Sun shiga ko ba su shiga ba?"

Ya kama haɓata, ya juya ni wajen haske, ya daɗe yana kallo. "Allahu akbar! Sun ja baya! Kai, tafi da filayarka. Wannan waya shaida ce!"

Da na san abin da zai biyo baya da na bar mai rediyo ya yi aikinsa. Ranar kasuwar Shinkafi ya ja ni rumfa rumfa. "Amarya, buɗe! Kun gani? Wannan ba ta aiki a bakin mashayi. Da gwamnati za ta ji shawarata, duk wanda ake zargi a ɗaura mashi!" Har wani mai shanu ya tambaya ko ana yi wa manya.

Kaka bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu da damina, wayar tana bakina. Ranar da aka cire ta na dawo gida, na wuce zaurensa, na tsaya gaban buzunsa na buɗe baki, kamar wata sakara.

Allah ya jiƙan Kaka Bawa, ya yafe masa, ya sa ƙamshin Aljanna ne ya tarbe shi. Amin.